Dalilin tafiyar ɗan maƙeri: nazarin wata taƙaddama tsakanin marubuciya da darakta a Katsina

Littafin da aka yi taƙaddama a kansa na yaƙi ne da aljanu, irin wanda ake rubutawa a waya ana sakar wa masu karatu shafi-shafi har ya kammala. Marubuciyar malamar firamare ce a cikin birnin Katsina, tsohuwar ɗalibata. Wanda ya nemi mayar da shi fim mai dogon zango ɗan wan mahaifinta ne, matashi mai shagon ɗaukar bidiyon biki a wajen Ƙofar Ƙaura, wanda ya taɓa yin gajerun fina-finai yana sawa a YouTube. Ba kamfani, ba takardar yarjejeniya. Zumunci ne kawai, da kyamara biyu, da ɗan abin da wani ɗan kasuwa ya yi alkawarin zubawa. Maganar ta zo gabana ne bayan ya kai mata rubutun kashi shida na farko, ta karanta ta ce wannan ba littafinta ba ne, shi kuma ya ce in dai ana so a ɗauka to sai haka. Da iyaye suka ga abin na neman taɓa zumunci, suka ce su zo wurina, tunda ni na koya mata adabi.

Ga labarin yadda ta rubuta shi. A wani gari mai ganuwa, a shekarar yunwa, wani maƙeri ya haƙo tama a dutsen da kowa ya san na aljanu ne. Ba sata ya yi ba. Ya nemi izini aka ba shi, bisa sharaɗin zai ƙera abin da zai sayar ya ciyar da gidansa, amma kafin shekara bakwai ta cika zai ƙera takobi daga wannan tamar ya kai wa sarkin aljanun dutsen. A shekara ta shida ya rasu, takobin bai ƙarasu ba. Autansa, ɗan shekara 14, shi kaɗai ya san zancen, domin shi ke yi masa zuga a maƙera. Yayyensa bakwai suka ce ba su da masaniya, kuma ba su ci ba balle su biya. Yaro ya ɗauki takobi ya shiga daji, wata kura mai ido uku tana yi masa jagora. Ranar da ya isa dutsen, labari ya iske shi cewa mahara sun kewaye garinsu, kuma takobin da ke hannunsa shi ne makamin da zai iya korarsu. Ya miƙa wa mai shi. Gari ya ci wuta, aka kashe mutane, ya dawo ya zauna cikin waɗanda ba su yafe masa ba.

A rubutun darakta kuwa, yaron ya zama saurayi ɗan shekara 22. Yayye bakwai sun koma biyu. Kura ta ɓace, an sa wata tsohuwa a madadinta. Sarkin aljanu mai idon wuta ya koma mutum mai baƙin rawani da amawali. An sauya sunan wata yarinya saboda ya yi kama da na wata. Daji ya koma gonaki da duwatsu. Sai kuma 'yar mafarauci, wadda a littafin babi uku kawai ta fito ta nuna wa yaron mashaya ta koma gida: a fim ta zama budurwarsa, aljanu suka sace ta a kashi na farko, takobin ya zama abin fansarta.

Ta zo da ƙorafinta a rubuce cikin littafin rubutu na 'yan makaranta. Kura ta ci shafi biyu. Yayye sun ci shafi guda, shekarun yaro da idon sarkin aljanu kowanne rabin shafi. Zancen 'yar mafarauci shi ne na ƙarshe, layi ɗaya, kuma abin da ta rubuta shi ne za ta iya haƙura da wannan in an mayar mata da kurarta.

"Malam, kurar nan ita ce littafin," in ji ta. "Duk wanda ya karanta, ita yake fara tambayata."

Ya ce, "Ƙanwata, ko babur ɗina da shagon na sayar, kurar nan ba za ta fito ba. In muka yi ta da kwamfutar da muke da ita, dariya za a yi mana. Kuma Malam, ai ko Turawa masu kuɗin haka suke yi. A duba Game of Thrones."

Na yarda mu auna da wannan ɗin, tunda shi ya kalle shi tun daga farko har ƙarshe, ita ma ta kalla, ni kuma na karanta littattafan.

Sauyin da ke bakin ƙofa

George R. R. Martin, marubuci ɗan Amurka, ya fitar da littafin farko na wannan labari a 1996, na uku a 2000, na biyar a 2011. Tashar HBO ta fara nuna wasan a wannan shekara ta 2011, ƙarƙashin David Benioff da D. B. Weiss, ta kammala a 2019 bayan zango 8, kashi 73. Martin ba baƙo ba ne a talabijin. Ya yi aikin rubuta wasanni a shekarun 1980, kuma ya sha faɗin cewa gajiya da jin ana ce masa rubutunsa ya fi ƙarfin kasafin kuɗi na cikin abin da ya mayar da shi ga littafi, inda zai tara dakaru da fadoji yadda ya ga dama. Da aka zo ɗauka, abin da ya gudu ya sake iske shi. Zangon farko ya ci kimanin dala miliyan 6 kowane kashi, amma duk da haka yaƙin da Tyrion, ɗaya daga cikin manyan jaruman labarin, ya fafata a ciki a littafin farko ba a nuna shi ba: a wasan guduma ta buge shi ya suma kafin a fara, ya farka an gama. Kyarketan da 'ya'yan gidan sarautar Stark ke kiwo, waɗanda a littafi ba su cika rabuwa da iyayen gidansu ba, sai a yi kashi da yawa ba a gan su ba, saboda kowace fitowarsu kuɗi ce. A nan daraktanmu ya yi gaskiya, kuma na faɗa mata haka a gabansa.

Haka sauran. A littafi Daenerys shekararta 13 a farkon labari, Robb da Jon 14, Sansa 11, Arya 9, Bran 7. Duk an ƙara musu shekaru, domin akwai dokokin aikin yara, akwai kuma abubuwan da ba za a sa yaro ya yi a gaban kyamara ba. 'Yan gidan Targaryen, dangin Daenerys, idanunsu ruwan shunayya ne a littafi. An gwada sa wa 'yan wasan gilashin cikin ido mai launi, aka ga yana hana su sakewa, aka bari. Asha Greyjoy ta koma Yara don kada a rikita ta da Osha, ƙaramin Robert Arryn ya koma Robin don kada a rikita shi da sarki Robert. Tyrion ya rasa mafi yawan hancinsa a yaƙin Blackwater, amma a wasan tabo kawai aka yi masa, don ba za a yi shekaru ana goge hancin ɗan wasa da kwamfuta ba. Masu karatu sun yi surutu a kan kowanne daga cikin waɗannan. Ni ban ga wanda ya taɓa labarin ba. Mai karatu yana iya komawa baya ya duba suna, mai kallo ba ya iyawa, kuma littafi ba ya biyan kuɗin abincin 'yan wasa.

Nan ma a Katsina lissafin ɗaya ne, sai dai ƙanƙanta. Kowane yaya cikin bakwai ɗin nan sutura ce da kuɗin mota da abincin rana. Dajin da ta siffanta ta ɗauko shi ne daga labaran da kakarta ke ba ta na dajin Rugu, kuma a halin tsaron da ake ciki ba mai hankalin da zai kwashi 'ya'yan mutane da kyamara ya nufi can. Dawaki ma sai an roƙi masu hawan salla, a biya mai kula da su.

Auren Robb

Inda na tsayar da su shi ne wurin da ba wanda ya kawo ƙorafi, kuma don shi na rubuta wannan nazari.

A littafin farko, Robb Stark yana buƙatar ƙetare kogi da rundunarsa, gadar kuwa tana hannun tsoho Walder Frey. Mahaifiyarsa Catelyn ta shiga ta yi ciniki: za a buɗe gada, gidan Frey zai ba da mayaƙa kusan 4,000, shi kuma Robb zai auri ɗaya daga cikin 'ya'yan tsohon bayan yaƙi. Robb ya karya wannan alkawari ya auri wata, kuma abin da ya biyo baya shi ne Jan Biki, inda aka yanka shi da mahaifiyarsa da mutanensa a gidan da suka ci gurasa da gishirinsa. Wannan duka yana nan a littafi, yana nan a wasan. Wanda ya ji taƙaitaccen labarin zai ce ba a sauya komai ba.

To amma me ya sa ya karya alkawarin? A littafi, Robb ya ci wata tsohuwar fada da ake kira Crag, ta gidan Westerling, talakawan sarakuna da ke ƙarƙashin abokan gabarsa. Kibiya ta same shi a hannu, 'yar gidan mai suna Jeyne ta yi jinyarsa. Yana kwance labari ya zo cewa Theon, wanda suka tashi tare, ya kashe ƙannensa Bran da Rickon a Winterfell, fadar gidansu. A daren nan na baƙin ciki abin da bai kamata ba ya faru tsakaninsa da yarinyar. Gari na wayewa ya aure ta, don kada ya bar ta da abin kunya. Yaro ne wanda bai wuce shekara 16 ba, ɗan mutumin da aka sani da riƙon gaskiya har ta kai shi ga takobin hauni, kuma ya tashi gida ɗaya da Jon Snow, wanda kowa ya ɗauka ubansu ɗaya amma shi ɗan gaba da Fatiha ne, yana ganin irin kallon da mahaifiyarsa Catelyn ke yi wa Jon ɗin. Ya so Jeyne, littafin bai ɓoye ba. Amma abin da ya tura shi ɗaurin auren nauyi biyu ne suka haɗu a kansa, alkawarin da ya yi wa tsoho da mutuncin 'yar mutane, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya yar da ɗayan. Da mahaifiyarsa ta tambaye shi mayaƙa nawa amaryar ta zo da su, amsar ita ce 50. Ya san abin da ya rasa.

A wasan babu Jeyne. An ƙirƙiro Talisa, baƙuwa daga birnin Volantis mai jinyar waɗanda suka ji rauni a fagen fama, wadda Oona Chaplin ta fito a matsayinta a zango na biyu, 2012. Robb, wanda Richard Madden ya taka yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya gan ta tana yanke ƙafar wani soja, ta faɗa masa magana ba tsoro, ta burge shi. Suka yi ta haɗuwa ana hira har so ya kama. Mahaifiyarsa ta gargaɗe shi ƙarara, ya ji, ya je ya ɗaura aure. A lokacin ya san Theon ya ƙwace Winterfell, amma ba wanda ya ce masa an kashe ƙannensa.

Wannan jinkirta labarin mutuwar shi ne abin da na fi so su gani, domin ba Robb kaɗai ya taɓa ba. A littafi, jin an kashe 'ya'yanta maza biyu shi ya sa Catelyn ta saki Jaime Lannister, fursuna mafi daraja a hannunsu, ko za a mayar mata da 'ya'yanta mata. Uwa ce da baƙin ciki ya rufe wa ido. Da Robb ya dawo, sai ya yafe mata a gaban jama'a, sannan ya gabatar mata da amaryarsa. Kowannensu ya yi ɓarna a kan labari guda, ba mai bakin zargin wani. A wasan ta saki Jaime ba tare da wannan labari ba, Robb ya sa aka tsare ta, sannan ya je ya yi nasa. Labari guda aka matsar daga wurinsa, mutum biyu suka rasa uzurinsu. Sauya fentin ɗaki daban, zare azara daban, ko da daga waje ginin bai nuna ba.

Kuma abin bai tsaya nan ba. Robb na littafi ya bar Jeyne a Riverrun, fadar dangin mahaifiyarsa, lokacin da zai je bikin, don kada ya ƙara wa tsohon ciwo, saboda haka ta tsira. A littafi na huɗu, na 2005, aka gano mahaifiyarta tana da ƙulli da Tywin Lannister, mahaifin Jaime kuma babban abokin gabar Robb, tana ba 'yar tata wani abin sha da sunan maganin haihuwa alhali na hana ɗaukar ciki ne. Wato an yi amfani da kirkin yaron aka kama shi. Robb na wasan kuwa ya ɗauki matarsa da cikinta ya kai ta har gaban mutumin da ya wulaƙanta, kuma ita aka fara daɓa wa wuƙa a ciki, a kashi na tara na zango na uku, wanda aka nuna ranar 2 ga Yuni, 2013.

Darakta ya ce, "To Malam, ai wannan wurin shi ya fi girgiza mutane a duk fim ɗin."

Haka ne, kuma ba zan rage wa masu wasan ladan aikinsu ba. Suna da matsala ta gaske. A littafi ba a taɓa shiga zuciyar Robb ba. Ta idon mahaifiyarsa ake ganinsa, yaƙinsa na yamma da aurensa duk a bayan fage suka faru, mai karatu ya ji su lokacin da ita ta ji. Talabijin ba za ta ɓoye jaruminta zango guda ba. Dole a nuna shi, dole a ba shi wadda zai yi magana da ita. Sannan da aka ƙara masa shekaru, kuskuren yaro ɗan 16 bai zauna sosai a jikin cikakken namiji mai gemu ba. Kun ga sauyin shekaru, wanda na ce bai taɓa labari ba, a nan ya taɓa. Martin da kansa ya sha gargaɗin cewa ƙaramin sauyi a farko yana girma yayin da labari ke tafiya.

Sai dai a dubi abin da aka biya. Na tambayi daraktan yadda yake ganin Robb. Ya ce, "Jarumi ne, amma mace ta kai shi ta baro. Ya sayar da mutanensa saboda soyayya." Wannan hukuncin mai kallo ne, kuma daidai ne bisa abin da aka nuna masa. Mai karatu ba zai faɗi haka ba. Shi abin da ke damunsa ya fi nauyi: mutum ya yi ƙoƙarin yin daidai, daidai ɗin ta halaka shi da dubban mutane. Mu da muke cewa alkawari kaya ne, muke kuma cewa baƙonka annabinka, mun fi kowa sanin bambancin wanda ya yar da kaya don ya ɗauki wani nauyin da wanda ya yar don ya gaji. Cin amanar gidan Frey ɗaya ne a duka biyun. Wanda aka ci amanarsa ne ba ɗaya ba.

Ko a zancen Catelyn an sake yin wani babban yanke. A ƙarshen littafi na uku an tsamo gawarta daga kogi bayan kwana uku, aka tashe ta, ta koma mai ramuwa marar tausayi tana rataye 'yan gidan Frey. Wasan ya bar ta a mace, ya ba 'yarta Arya ramuwar a 2016 da 2017, aka yi ta yadda mai kallo zai yi tafi. Martin ya faɗa a fili cewa ya so a bar wannan ɓangaren. Na fahimci dalilinsa: a littafi ramuwa abin tsoro ce da ta cinye uwar da muka sani.

Komawa kan ɗan maƙeri

Na ce wa darakta ya bi nasa rubutun har ƙarshe ya faɗa mini abin da zai faru a kan dutse. Ya fara bayani, ya kai inda saurayin zai miƙa takobi a ba shi budurwarsa alhali garinsu na ci da wuta, sai ya yi shiru. Ita ta ƙarasa masa: "Yaya, ka mai da shi wanda ya ba da gari don mace. Ni kuwa wanda na rubuta uban shi yake fitarwa daga bashi." Sai a lokacin ta koma ta dubi layin nan guda da ta rubuta a ƙarshen littafinta.

Amsarsa ba ta wasa ba ce, kuma ita ce zuciyar wannan sana'a. Ya ce a littafin an yi shafi goma yaro na zaune a maƙera yana tunanin ubansa. "Malam, ba a ɗaukar tunani da kyamara. In kashi na farko ya wuce ba a ga abin da ya tada shi ba, ba mai buɗe na biyu. In an sace yarinya, kowa ya gane."

Ba shi kaɗai ya bi wannan gajeriyar hanya ba. Da Amazon ta fara nuna The Wheel of Time a 2021, daga littattafan Robert Jordan da suka fara fita a 1990, akwai wani saurayi Perrin, shi ma maƙeri, wanda a littafi tsoron ƙarfinsa da abin da hannunsa zai iya aikatawa yana cikin zuciyarsa ne. Masu wasan suka ƙirƙira masa mata wadda babu ita a littafi, suka sa ya kashe ta bisa kuskure a kashi na farko. Da na ba su wannan, marubuciyar ta ce, "Wato kullum sai an kashe mace ko an sace ta kafin namiji ya tashi?" Tambayar ta zauna mini. Talisa da matar Perrin da 'yar mafarauci: matsala ɗaya ce, magani ɗaya aka ba ta, kuma maganin yana sauya mutumin da ake ba da labarinsa.

Abin da ya kamata a nema shi ne yadda dalilin asali zai fito a gani da ido. Kuma a ƙasar Hausa ba sai an je nesa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a jana'iza ya san lokacin da wani daga cikin dangi ke ɗaga murya ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, wanda mamaci ke bi shi ma ya faɗa. Yawanci shiru ake yi, ko a ce an yafe. Na ce su ɗauka an yi wannan sanarwa a ƙofar gidan maƙerin, gawa na cikin makara, yayye na tsaye a sahun gaba. Sai wani tsoho da ba wanda ya san shi, ƙafarsa ba ƙura ko kaɗan duk da ya ce daga nesa yake, ya ce, "Ina bin shi." A tambaye shi nawa ne, ya ce ba kuɗi ba ne, ƙaramin ya sani. Kowa ya juya ya dubi yaron. Minti uku ne, ba kwamfuta, ba doki, mutum ashirin da tabarmi. Kuma babu Bahaushen da zai buƙaci a yi masa bayanin abin da ya sa ɗa ba zai iya barci ba alhali ubansa na kwance da bashi a kansa.

Wannan fage babu shi a littafinta. Sauyi ne, ƙari ne ma, kuma ita ta fara cewa ya fi shafi goman da ta rubuta. Shi ya sa ba na tare da masu cewa a ɗauki littafi yadda yake kada a taɓa. Mu a Katsina bai kamata taɓa labari ya ba mu tsoro ba. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta garin nan ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, kuma Magana Jari Ce, wanda daga baya NTA Kaduna ta mayar wasan talabijin, ya ɗebo labaransa da yawa daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya. Ya sauya sunaye da garuruwa da sutura ba tare da jin nauyi ba. Abin da ya kula da shi, a karatuna, shi ne duk abin da mutum ya aikata a labarin ya zama da dalilin da Bahaushe zai gane.

Abin da aka tsayar

Shekarun yaron an tsayar da su wajen 18, domin ɗan wasan da suke da shi ba zai koma 14 ba, kuma in ya kai 22 mai kallo zai tambayi me ya sa yayyensa ke juya shi. Yayye sun zama uku. Suna da rawani ta bar wa darakta. Kura ta dawo, amma ba za a gan ta ba: sawu a rairayi, kuka daga nesa, inuwa a jikin dutse, da muryar da za a ɗora daga baya. Har yanzu marubuciyar ba ta ji daɗin wannan ba, ta ce masu karatunta za su ce an cuce su, kuma wasu za su faɗa ɗin. 'Yar mafarauci ta samu fili fiye da na littafi, za ta yi tafiyar tare da shi har gindin dutse, kuma in shaƙuwa ta shiga tsakaninsu a hanya ba laifi. Ba za a sace ta ba, ba kuma don ita ya fito ba.

Na sa sun rubuta takarda mai shafi ɗaya, iyayensu maza suka sa hannu a matsayin shaidu. Darakta na da ikon rage mutane, haɗe su, sauya wuri, suna, sutura da jerin faruwar abubuwa. Abin da ya shafi dalilin da ya sa wani ya aikata babban aiki a labarin, da lokacin da wani muhimmin labari ke isa kunnen wani, sai da yardarta. Wannan sharaɗi na biyu daga zancen Bran da Rickon muka ɗauko shi.

An yi asara. Ɗan kasuwar ya so a buɗe da soyayya da waƙa, da ya ji da jana'iza za a buɗe sai ya ce zai biya kashi huɗu kawai ya ga yadda mutane za su karɓa. Darakta ya ji zafin wannan, kuma yana da hakkin ji, don shi zai nemo cikon. Ƙarshen labarin ma ba a daidaita ba. Shi yana so bayan an miƙa takobi sarkin aljanu ya tura runduna ta ceci garin, domin a cewarsa mutanenmu ba sa son fim ya ƙare jarumi na cikin baƙin jini. Ita ta ce in aljanu suka biya shi nan take, to ciniki ya yi, ba alkawari ya cika ba. A wannan ina bayanta, na kuma faɗa masa. Sun ajiye maganar sai an ga kashi huɗun farko, waɗanda za a fara ɗauka bayan an kawar da amfanin gona, a wani ƙauye da ke kan hanyar Daura inda wani maƙeri ya yarda a yi amfani da maƙerarsa.